Abin da Sada Ya Tsamo a Tanki

A garejin Sada da ke bakin hanyar Funtua, a Malumfashi, akwai wata tsohuwar roka mai bodin katako da ta yi rani ta yi damina a gindin darbejiya ba wanda ya taɓa ta. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta sun ƙyanƙyashe, ciyawa ta fito ta rufe rabin tayoyin. Masu kawo gyara kan tambaya ko ta sayarwa ce, Sada ya ce a'a, ya kawo wata maganar. Bakanike ne da mota ba ta daɗewa a hannunsa, amma wannan ko a inuwarta ba ya yarda ya zauna. Motar ƙaninsa Talha ce, kuma a ƙarƙashinta Talha ya cika.

Asalinta ta mahaifinsu ce, marigayi Maitama direba, mutumin Gozaki. Da ya rasu, Sada ya riga ya zama ɗan sifana, sai Talha ya gaji sitiyari. Shi ke kwaso masara da dawa da waken soya daga gonakin bayan gari ya kai kasuwannin Funtua da Danja. Tare da shi akwai Baba Mati, wanda tun zamanin Maitama yake yaron motar, ga furfura ta cika masa kai amma sunan aikin bai canja ba.

A kakar bara motar ta ɗauko wani ciwo mai rainin hankali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu. A sauko a duba, ba a ga komai ba. A ɗan jira, a buga famfon hannu, a murɗa makulli, ta tashi garau kamar ba ita ba. Wani lokaci ta yi kwanaki ba ta yi ba, wani lokaci ta yi sau biyu kafin azahar. Talha ya kawo wa yayansa. Sada ya canja filta, ya wanke famfo, ya fitar da iska, ya zagaya gari da ita bai ji komai ba. A ransa ya san abin da ya rage shi ne a sauke tanki a bi hanyar mai tun daga tushe. To amma kaka ce, buhuna na jira a gona, Talha na tsaye a kansa yana ta kaɗa makulli.

"Yaya, in tafi?"

"Tafi, ta warke," in ji Sada.

Ba a rufa mako ba, motar ta mutu a tsakiyar wani hawa a hanyar burji, da lodin masara har sama. Burkinta dama na tsufa ne, in inji ya tsaya ba a ba shi amana. Baba Mati na can bisa kaya, kafin ya sauko Talha ya riga ya dira da waigi a hannu ya zagaya baya zai tokare taya. Motar ta sulalo. Ba ta yi nisa ba ma, ta ɗan gangaro ne ta jingina da wata ƙatuwar ɗorawa ta tsaya. Ko buhu ɗaya bai faɗo ba, Baba Mati ko ƙwarzane bai yi ba. Talha kaɗai ta ɗauka.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, Sada ya shiga cikin gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsu, Inna Hajjo. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dubi bango ta ce, "An kai maka mota da ƙaninka, ka ce ta warke." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake ɗauko zancen ba. Amma magana zarar bunu ce, kuma wannan ta zauna wa Sada a ƙirji, ko tuwo ya haɗiya sai ya ji ta.

Sai an san gidan za a san nauyin maganar. Sada ɗan fari ne, Inna kuwa tsohuwar hannu ce wajen kunya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mai garejin nan," in za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta kau da kai. Bai taɓa jin haushi ba, haka ya ga ana yi wa 'ya'yan fari, kuma ya san son yana nan a rufe kamar hatsi a rumbu. Talha kuwa auta ne, a fili take nuna shi. Da shi take dariya, da shi take faɗa, kuma mafi yawan faɗan nasu a kan laya ne. Ta karɓo daga wurin malaminta ta rataye masa a madubin mota, shi kuwa tunda ya fara zama majalisin karatu ya daina yarda da rataye-rataye, sai ya cire ya maido mata. Ta cusa a bayan kujera, ya gano. Ta ɗaura a ƙarƙashin sitiyari, ya kwance yana dariya yana cewa, "Inna, addu'arki ta ishe ni." Ita ko ta bi shi da harara ta ce duk ranar da ya haifi direba zai gane.

Bayan rasuwar, kunyar ta koma wani abu dabam. Sada ya zo gaisuwa, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. Matarsa ta aika da tuwo, a dawo da kwanon kamar yadda ya tafi. Mutanen Gozaki ba su ce masa komai ba, sai dai ya lura manyan motocin garin sun koma wani garejin. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin sa shi ne shi ma bai sani ba. Ko akwai tiyon da ya tsage bai gani ba? Ko wani noti ne bai ɗaure ba? Amsar tana kwance a gindin darbejiya, shi kuma yana tsoron ta.

Da masara ta fara bushewa a gona, Baba Mati ya zo garejin da saƙo.

"Tsohuwa ta ce in gaya maka, marayun Talha ba ƙarfe za su ci ba. Ko a tada motar ta shiga kaka, ko a kira 'yan gwangwan su yanka ta."

Sada ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa ko da yake ba abin da ya rage a hannun.

"Gobe da safe ka zo, Baba Mati. Daga tanki har inji ba zan bar tiyo ɗaya tsoho ba. Abin da na tarar kuma, ko mene ne, da bakina zan kai mata."

Da hantsi suka fara. Suka janye ciyawa, suka kori kaji, Sada ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Ya kwance notin gindin tanki, tsohon gas ya zubo cikin jarkoki, ya yi ja ya yi kauri, da ruwa-ruwa a ƙarshensa. Daga nan ya bi hanyar mai. Tiyo biyu ne manya, ɗaya mai kai gas wurin famfo, ɗaya mai maido da ragowa tanki, sai ƙananan da ke tsakanin famfo da filta. Duk sun bushe sun yi tauri, bayansu ya yi faso kamar dugadugan manomi. Duk wanda ya ciro sai ya toshe bakinsa ɗaya da babban yatsa, ya nutsa shi a bokitin ruwa, ya hura ta ɗaya bakin da iya ƙarfinsa yana kallon ko kumfa zai taso. In kumfa ya taso, to iska ce ke shiga, shi ne bai gani ba, shi ya kashe ƙaninsa. Haka yake hurawa, ɗacin gas na bin harshensa.

Ba wanda ya yi kumfa. Tsofaffi ne, amma ba mai huda.

"To ai ka gani," in ji Baba Mati.

"Ban ga komai ba tukuna. Mota ba ta mutuwa don ra'ayinta. Kama mu sauke tankin."

Suka kwance ɗamarar ƙarfen da ta riƙe shi, suka sauko da shi kan tsohuwar taya. A samansa akwai wani faifan ƙarfe da notuna suka danne, a jikin faifan ne bututun da ke zuƙo gas yake, ya miƙe har kusa da gindin tanki. Notunan sun ci tsatsa, sai da aka jiƙa su da baƙin mai aka yi ta lallashi. Da Sada ya zaro bututun ya ɗaga shi a rana, sai ya ga bakinsa a buɗe yake, ba 'yar rariyar da ke tare datti.

"Babanku ya cire ta," in ji Baba Mati. "Lokacin wahalar mai, da muke sha a wurin 'yan bumburutu, kullum sai ta toshe. Ya gaji ya fizge ta, ya ce filta ta ji da sauran. Haka ya yi wa ta bakin tankin ma."

Sada ya juya bututun. Idonsa na kan wani ɗan abu da ya maƙale a gefen bakin bututun. Ya ciro shi da farce. Guntun leda ne, fari, gas ya cinye shi ya yi laushi.

Suka zuba gas kaɗan a tankin, kowa ya kama gefe guda suka girgiza. Tsatsa ta yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, amma a cikin ƙarar akwai wani abu da ke sulɓewa a hankali yana dukan bango ba amo. Sada ya lanƙwasa waya ya zura. Ya yi ta lalube, abin na kufcewa, har dai ya saƙalo shi ya jawo ta ramin faifan.

Ɗan ƙunshi ne da bai fi gidan ashana ba, an naɗe shi da leda. Ledar waje ta kwance ta gefe ɗaya tana lilo kamar kunnen akuya. Ta cikinta ana hango jar fata da ɗinki.

Sada ya juya shi a tafin hannu. Ya zuba gas a kwano, ya jefa ƙunshin, ya tsoma bakin bututun kusa da shi, ya kafa nasa bakin a sama ya zuƙa. Gas ya taso. Ya tofar ya sake zuƙa. Ƙunshin ya matso a hankali, kunnen ledar nan ya zo ya manne a bakin bututun ɗam. Ya ja, ya ja, ko ɗigo bai hau ba. Da ya saki, ledar ta saki, ƙunshin ya yi gefe abinsa kamar bai san komai ba.

Ciwon ke nan gaba ɗaya. In mota na ja da ƙarfi, musamman a hawa da mai ya taru baya, sai abin ya zo ya rufe mata maƙogwaro. In ta mutu ya sake ta. Ko filta ɗari aka canja ba za a gane ba.

Gaskiya ita ce abin da ya fara zo wa Sada daɗi ne, daɗi mai ƙarfi. Ba shi ba ne. Ba notinsa ba ne, ba tiyonsa ba ne. Ya ji kamar ya hau babur yanzu-yanzu da gas a baki, ya je Gozaki ya ajiye abin nan a gaban Inna da gaban duk wanda ya ɗauke motarsa daga garejin.

Baba Mati kuwa ya ja da baya yana salati.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sammu ne, Sada! Wallahi jifa aka yi wa yaron nan! Wane la'ananne ne ya zura wannan a tanki? Tashi mu kai wa mai gari. A yi shela a masallaci, a nuna wa kowa, mai shi ya fito ko a ja masa Yasin. Ka sha zargi a banza, ni zan tsaya maka shaida gaban kowa!"

Sada ya tsamo ƙunshin daga kwano don ya naɗe shi a tsumma. A nan ne ya dube shi da kyau. An yi masa leda biyu, ɗaya a kan ɗaya. An ɗaure da baƙin zaren kitso, an zagaya an zagaya, aka ƙare da ƙulli uku a jere, manne da juna.

Ya san ƙullin nan tun kafin ya san sifana. Inna ba ta yarda iska ta taɓa kayanta ba. Goro ne, daddawa ce, kanwa ce, sai ta naɗe a leda ta sake naɗewa, ta ɗaure da zaren kitso, ƙulli uku da ba a kwance su sai da haƙori. Suna yara har tsokanarta Talha yake yi, wai in Inna ta ɗaure abu sai dai a gaji magada su kwance.

Sai komai ya jeru masa. Talha ya yi hutun Babbar Sallah a Gozaki, motar na ƙofar gida, makullan na rataye a ƙusar zaure. A lokacin ne ya maido mata da layar ƙarshe, wadda ya kwance a ƙarƙashin sitiyari. Bayan Sallar ne kuma ciwon ya fara. Tsohuwa ta rasa inda za ta ɓoye wa ɗanta tsari, sai ta nemi wurin da hannunsa ba zai kai ba. Ta sha jin su suna kukan ruwa a cikin gas, shi ya sa ba ta ɗura rubutu ba. Ta naɗe da leda har biyu don kada mai ya ɓata ayoyin. Ta yi hankali iya hankalinta.

Daɗin nan ya zube masa a take. Ya zauna a kan taya, abin a tafin hannunsa.

"Baba Mati, zauna."

"In zauna? Ana ga..."

"Dubi ɗaurin."

Baba Mati ya sunkuyo. Shekara nawa yana karɓar goro daga hannun matar maigidansa. Ya duba, ya sake dubawa, bakinsa ya buɗe bai rufe ba. A hankali ya nemi ƙasa ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. A bakin titi manyan motoci na wucewa, wani mai rake na kiran ciniki.

"In ta ji, ba za ta kai azumi ba," in ji Baba Mati daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba za ta ji ba."

"To me za ka ce mata? Ka ce da bakinka za ka kai mata abin da ka tarar. Kuma ka san ta, sai ta tambaya."

Sada ya miƙa hannu ya ɗauko babban tiyon nan, mai kai gas wurin famfo, wanda ya hura ɗazu bai yi kumfa ba. Ya zaro wuƙar aiki ya bi ɗaya daga cikin fason ya tsaga shi har ciki. Ya lanƙwasa shi tsagar ta buɗe baki, ya shafa baƙin mai da ƙasa a wurin har ta yi kama da tsohuwa.

"Sada, wannan fa ƙarya ce. Kuma kanka za ka ɗora wa har ka mutu."

"Na san ya kamata in sauke tankin nan bara, ban sauke ba, na ce ta warke. Wannan ba ƙarya ba ce. Sauran kuma Allah Ya ga dalilina." Ya ɗago ya dubi tsohon. "Ni da kai ne kawai, Baba Mati. Ko matata ba za ta ji ba."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji Baba Mati. Ya mai da hularsa, ya share ido da bakin riga.

Sauran aikin a natse suka yi shi. Suka wanke tankin har gas ya riƙa fitowa fari. Sada ya yanko sabon bututu daidai tsawon tsohon, ya sa mai walda ya liƙa shi a faifan, ya ɗaura masa sabuwar rariya a baki, ya samo wata ya zura a bakin tankin inda ake ɗura mai. Ya ja sababbin tiyo tun daga tanki har famfo, daga famfo zuwa filta, da mai komawa, kowanne ya ɗaure shi a jikin shasi yadda ba zai gogi ƙarfe ba. Suka ɗora batir, suka zuba sabon gas. Ya sassauta notin kan filta ya yi ta buga famfon hannu, kumfa na fita, har gas ya fito zalla, ya ɗaure. Da ya murɗa makulli ta yi gurnani, ta yi tari, ta watso baƙin hayaƙi ta tashi. Muryarta ba ta canja ba ko kaɗan, har Sada ya waiga kamar zai ga Talha na kaɗa makulli.

Washegari ya sa aka loda mata buhunan wani ɗan kasuwa, suka nufi hawan nan da ita, don bai yarda ya sake cewa ta warke a kan zato ba. Ɗorawar na nan da tabon bodi a jikinta. Baba Mati ya kau da kai, Sada ya sa giya ya taka. Ta haye ba ko tari. Ya juyo ya sake hawa, ta sake hayewa. Suka sauke kayan, bayan la'asar suka shiga Gozaki.

Inna na zaune a tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Tun daga nesa ta ji kukan motar, don da Sada ya yi sallama ya tarar hannunta ya tsaya a cikin faifai, gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunta ba ta fasa ba. Ta rame fiye da yadda ya bar ta. Ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

"Ta tashi ke nan."

"Ta tashi, Inna."

"Me aka samu?"

Abin na cikin aljihun rigarsa, a naɗe a tsumma, yana jin sanyin gas ɗinsa a ƙirji. Kalma kaɗan ce tsakaninsa da wankin sunansa. Ya dubi hannayenta, jijiyoyi duk sun fito, ya dubi ɗan ƙunshin goro da ke gefen tabarma da ƙullinsa uku. Ya jawo tiyon ya ajiye a gabanta, ya lanƙwasa shi tsagar ta buɗe.

"Nan ne iska ke shiga, sai mai ya yanke. Yana ta ƙasa, ban juya shi na duba ba. Sakacina ne, Inna."

Ta ɗauki tiyon. Ta bi tsagar da yatsa, daga farko har ƙarshe, kamar mai shafa ciwo a jikin yaro.

"Ɗan wannan," ta ce. "Ɗan wannan kawai."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Sannan ta juyo ta dube shi a fuska, abin da bai tuna ranar da ta taɓa yi ba.

"Wani da ya ɓoye, ya ce bai ga komai ba. Kai ka ɗauko ka kawo. Kwanansa ne ya ƙare, ko da tiyo ko ba tiyo. Na riƙe ka a raina, ban kyauta ba. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

"Amin, Inna. Na gode," in ji Sada, kansa a ƙasa.

"Wa zai ja ta?"

"Ni zan ja ta kakar nan, ni da Baba Mati, kafin a samu direba."

Ta gyaɗa kai. Ta waiga ta ga ba kowa kusa, ta rage murya.

"To bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Akwai abin da na jefa a cikin tankin nan da Sallar bara, tunda shi ja'irin duk inda na sa sai ya cire. Ka gan shi?"

Sada ya girgiza kai. "Ban lura ba, Inna."

"To yana nan, kada ka bari a taɓa shi. Kullum ina tunani, ba don shi ba, da motar nan ba ta tsaya a jikin ɗorawa ba, da har Mati ta tafi da shi. Da wannan nake samun barci. Sai dai in ce a raina, ko da guda biyu na sa, da ya kai har kan yarona."

Ta ɗaga gefen tabarma ta ciro wani ɗan ƙunshi sabo, leda biyu, baƙin zare, ƙulli uku. Ashe tun ranar da ta aika Baba Mati ta tanade shi. Ba ta ajiye a ƙasa ta kau da kai yadda ta saba ba. Ta kamo hannunsa mai baƙin mai ta buɗe, ta sa masa a tafi, ta rufe yatsunsa da nata.

"Ka jefa wannan ma a ciki, kafin ka tashe ta. Ɗa ɗaya ya rage mini."

"To, Inna."

Ya fito ta zaure. A ƙofar gida 'ya'yan Talha sun hau bodin motar suna tsalle, Baba Mati na zaune a kan matakala. Ya dubi fuskar Sada, ya dubi dunƙulallen hannunsa, ya matsa gefe.

Sada ya zagaya wajen tanki ya buɗe murfin ya rufe da ƙarfi, yadda za a ji ƙararsa daga cikin gida. Sannan ya hau gaba ya ɗaga kujerar direba. Ya ciro tsohon daga aljihu ya haɗa da sabon, ya ɗaure su da waya a jikin ƙarfen kujerar, can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ya mai da kujerar ya zauna a kai.

Daga cikin gida aka leƙo aka ce Inna ta ce kada mai garejin nan ya tafi, an ɗora tuwo da shi.